Kafin su shigar da ke ɗakin tiyata

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya jikin naki, ya yara? Wallahi tun daren da kika turo min saƙo cewa an sa ranar cire miki ƙarin mahaifa hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto miki. Ba don in tsorata ki ba ne, galibin ƙarin nan faibroid ne kawai, ba cutar kansa ba.

Kin ce ba za a tsaga cikin ba, ƴan hudoji kawai za a yi, ki warke da wuri. To don Allah ki tambayi likitan ta ina ƙarin zai fito ta wannan ɗan ramin? Akwai wata na'ura, mosaleta, da ke daddatsa shi tun a cikin ciki a zaro shi gutsi-gutsi. Ita ce damuwata. Akwai wata kansar naman mahaifa, layomayosakoma, ba kasafai ake samunta ba amma a sikanin kamar faibroid take, ko hoton MRI, na babbar na'urar da ke haska cikin jiki, ba ya bambance su ɗari bisa ɗari, sau da yawa sai an cire an kai lab ake ganewa. Idan ita ce aka markaɗa kuwa, ɓurɓushin ya watsu cikin ciki, abin da yake wuri guda ya bazu.

Haka ta faru da Amy Reed a Amurka, ita kanta likita ce, uwar yara shida, an yi mata aikin a 2013, ta rasu 2017. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi, ta kiyasta kusan mace 1 cikin 350 da ake yi wa aikin faibroid tana ɗauke da ɓoyayyiyar kansar naman mahaifa, wannan ko danginta. A 2020 suka ce in za a daddatsa, a yi shi cikin jaka ta musamman, kuma kar a daddatsa sam ga wadda ta haura shekara 50 ko ta daina al'ada.

Ke kuma kin ce min al'adarki ta ɗauke tun bara amma ƙarin bai daina girma ba, wannan fa ki faɗa wa likitan ƙarara, kar ki ji nauyi. Na san tsaga ciki ma da wahalarsa, ciwo da jinya mai tsawo, amma ni dai na fi son a fito da shi ɗungurungum. Ki rubuta tambayoyin a takarda ki sa a jaka, na san ki da mantuwa in kin zauna gaban likita.

Allah ya ba ki lafiya. Ki kira ni da zarar kun yi magana.

Taki har kullum.