Mutum biyu a gida ɗaya

Zuwa ga abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Tun da ka tafi kujerarka a teburin wasa ba ta sami mai zama ba, ni kuma jan ragamar wasan ya faɗo kaina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don mun yi wata rigima da na san da kana nan da kai za ka raba ta.

Ka tuna taswirarmu ta Dungeons & Dragons, wasan teburin nan da kowa ke jan jarumi ɗaya cikin labari, kowane gida na murabba'i a kanta ƙafa 5 ne tsawo da faɗi, jarumi ɗaya a gida ɗaya. To, na zura su cikin wani lungun kogo mai faɗin gida ɗaya tal. Mayaƙi a gaba, maharbi a bayansa, mai magani na uku, matsafi a ƙarshe. Dodo ya kai wa mayaƙin sara, ya faɗi sumamme. Maganin da ya rage wa mai maganin sai ya taɓa mutum da hannu yake ci, ga maharbi ya tsaya masa a tsakani, kuma layin maharbin na yin wasa ya riga ya wuce. Littafin dokokin wasan na 2014 ya yarda ka ratsa ta gidan abokinka, kana biyan tafiya ninki biyu, amma ya hana ka ƙare tafiyarka a ciki da gangan. Mai maganin ya ce shi ba tsayawa zai yi ba, zai shiga ne ya miƙa hannu ya dawo. Maharbin ya ce miƙa hannun ai tsayawa ce. Zagaye guda a wasan daƙiƙa 6 ne, mu kuwa mun fi rabin awa muna musu a kansa, mai mayaƙin yana ta juya ɗan lidonsa a tafin hannu, jifa ɗaya ta rage masa jaruminsa ya mutu.

Na bar shi ya warkar, don ban ga dalilin da mutum zai rasa jarumin da ya raina wata shida saboda zanen murabba'i ba. Amma daren nan na zauna na rubuta mana doka.

Na ce abokai biyu za su iya zama gida ɗaya idan dukansu sun yarda, kada su wuce biyu. Hukuncin ban ƙirƙiro shi ba, na aro shi ne daga dokar matsi da ke cikin littafin, wadda aka yi wa babban dodo mai kutsawa ta ƙaramar ƙofa. Duk wanda ke cikin matsi, in zai kai hari sai ya jefa ɗan lido mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki ƙaramar lamba, haka ma in zai goce wa wuta ko tarko. Mai kai masa hari kuwa babbar lamba yake ɗauka. Ka san a tsohon bugun dokokin, na 3.5, maki 4 ake ragewa a hari, 4 a kariya, amma mutanenmu ba sa son lissafi. Na ji daɗi da na ga gyaran 2024 ya daina cajin ninki biyu a gidan aboki, sai dai ya ce in layinka ya ƙare kana gidan wani, ka faɗi ƙasa, sai in kai ɗan mitsitsi ne ko ka fi shi girma. Wannan ya yi mini tsauri.

Inda na yi kuskure shi ne da na tausaya wa masu wuƙa. Na ce gatari da mashi ne ke buƙatar fili, mai wuƙa ba ruwansa da hukunci. Mako biyu kacal, jarumin nan namu ɓarawo, mai wuƙa, ya mayar da bayan mayaƙi ɗakinsa, ko a fili fetal ba ya barin jikinsa. Na soke sassaucin. In shiga gidan wani ba ta da tsada, lungu ya tashi daga lungu, alhali don tsoron matsin na kai su can.

Sassauci ɗaya na bari. Wanda ya tsaya a kan abokinsa da ya faɗi ba ya shan hukunci, kuma na ƙasan yana samun ƙarin maki 2 na kariya, kamar mai fakewa a bayan wani. Na kuma gaya musu dodanni ma dokar ta shafe su. Ranar da ƙananan dodanni takwas suka cunkushe a gida huɗu, matsafinmu ya sake musu dunƙulen wuta, dariyarsa har yanzu tana kunnena.

Saura abu ɗaya da ya gagare ni. In aka ingije ɗaya daga cikin biyun da ke gida ɗaya, shi kaɗai zai tafi, ko zai kwashi ɗan'uwansa su faɗi tare? Ni na fi karkata ga su faɗi tare, mai magani ya ce zalunci ne. Ka rubuto mini ra'ayinka kafin Asabar, don akwai wata siririyar gada a gabansu, kuma ban gaya musu ba tukuna.

Duk 'yan tebur suna gaishe ka.

Naka,
abokinka na kullum