Wasiƙa daga Saint-Étienne zuwa ga Baba a Marwa

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da ƙannena da duk mutanen rumfa. Ni lafiya lau, sai sanyi. Garin nan na tsofaffin ramukan kwal ne, lekol ɗinmu kuma tana cikin tsohuwar masana'antar bindigogi, wadda aka mayar cibiyar zane a 2009.

Ka sha tambayata me nake karantawa bayan digirin farko, tunda a cewarka zane ko yaro yana yi a ƙasa. To, mu muna koyon tsara abu kafin a ƙera shi: kujera, fitila, takalmi, wa zai yi amfani da shi, nawa zai ci, ina zai fara lalacewa. Shekara 2 ce, kuma ba jarrabawar alƙalami ake yi ba. Aikinka za ka jera a tebur, malamai su kewaye shi suna ta tambaya.

Karo na farko na sha kunya. Na yi wata jaka a kwamfuta, sumul, ina taƙama. Malamar ta ce ta ga irinta ɗari a shagunan Italiya. Sai idonta ya kai kan ɗan jakar kuɗin da ka ɗinka mini ranar tafiya. Ta juya ta, ta shinshina, ta ce me ya sa ɗinkin ya ninku a bakin kawai? Baba, na kasa amsawa. Ni da na girma ina miƙa maka basilla!

Yanzu a kan fatar Marwa nake rubuta kundina. A nan yawancin fata da sinadarin kurom ake jeme ta, ga sauri amma ruwansa na ɓata rafi, shi ya sa suka koma neman jimar itace suna biyan ta da tsada. Da na ce wa malamanmu majemanmu da bagaruwa suke aiki tun kaka da kakanni, jan launi daga karan dafi, baƙi daga kuloko, har rubutawa suke yi.

Don Allah ka sa Auta ya ɗauki muryarka a WhatsApp: kwana nawa fatar akuya ke yi a ruwan bagaruwa, da dalilin ninkin nan. Ya ɗauki hoton hannunka kana ɗinki, ba fuskarka ba, na san ba ka son hoto. In Kawu zai zo Faris bayan Sallah, a ba shi fata 3, ja 2 da baƙa 1.

Na turo yuro 50, ya haura sefa dubu 32 kaɗan. A saya wa Inna magani, saura na fatun ne. A ce mata har yanzu yajin da ta ba ni bai ƙare ba.

Ɗanka.