Sunan hidima a kwamfuta: haddar lambobi ba ta isa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina koyar da kwamfuta a Birnin Kebbi, kuma abin da ya samu wani tsohon ɗalibina ne ya sa na rubuto. Ya samu aiki a wani ofis, aka ce ya haɗa kwamfutocin sashen kuɗi da rumbun bayanai na Oracle. Kwana biyu yana fama, allo na ta nuna masa saƙon kuskure ORA-12514, wato ba a gane sunan hidimar da ya nema ba. Ya canza wayar da ke haɗa kwamfutocin, ya ɗora wa intanet laifi, har ya fara shirin goge komai. Da ya kira ni, na ce ya buga umarnin lsnrctl status a kan sabar, wato kwamfutar da rumbun yake ciki, ya karanto min sunayen da suka fito. Ashe a fayil ɗin tnsnames.ora, inda ake ajiye bayanan haɗuwa da rumbun, a wurin rubuta sunan hidima sai ya sa SID, wato sunan kwafin Oracle guda ɗaya da ke aiki a kan sabar.

Da tashar mota na yi masa bayani. Adireshin IP shi ne tashar kanta. Lambar mashiga ita ce layin da motoci ke lodi: Oracle ta saba da 1521, shafukan intanet 80 da 443, SSH (hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa) kuma 22. Sunan hidima shi ne garin da ɗan kamasho ke kira, Argungu, Jega, Yauri. SID kuwa lambar jikin mota guda ce. Fasinja Jega yake nema, ba ruwansa da wace mota ce. In wannan ta lalace, wata ta ɗauke shi. Haka manyan ma'aikatu ke tara sabobi da yawa ƙarƙashin suna ɗaya.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, wallahi. Zai kawo maka lambobin mashiga na wasu rumbunan bayanai, 3306 na MySQL da 5432 na PostgreSQL, ba gargada. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya masa cewa kalmar "sunan hidima" tana da fuska biyu: akwai suna irin http da ke manne da lambarsa a rajistar IANA, hukumar da ke kula da lambobin intanet, wanda mai Linux zai gani a fayil ɗin /etc/services, akwai kuma sunan da mai kula da rumbu ke raɗawa da kansa. Mu malamai muna cika allo da lambobin jarrabawa, mu bar wannan, kuma abin yana ci min rai.

Roƙona, ku ware mana ɗan fili duk mako da za a riƙa warware irin waɗannan kalmomi da Hausa. A shirye nake in aiko da rubutun farko.

Naku,
Wani malamin kwamfuta,
Birnin Kebbi