Godiya Ga Shagon Da Ya Hana Ni Sayen Memori

Zuwa ga maigidan wani shagon waya a kasuwar Farm Centre, Kano, da yaransa biyu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Ka roƙe ni kada in sa sunanka ko na shagonka a rubuce, na kuma ɗauki alkawari, ga shi na cika. Amma abin da aka yi mini a shagonka ya fi ƙarfin godiyar baki, shi ya sa na ga ya dace in fito da shi fili, ko da mutane ba za su san ƙofar da za su nuna ba. Kai dai ka san kanka, yaranka ma sun san dattijon da ya zo musu da doguwar takarda ranar wata Asabar bayan azahar.

Ni malamin makaranta ne, na yi shekara 35 ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki. Tun farkon shekarun 1980 nake tara kaset. Duk ƙarshen wata in albashi ya shigo sai na ware na kaset ɗaya ko biyu, har na cika adaka guda. Akwai na kalangu, akwai na kuntigi, akwai na taushi da kotso, akwai na amada da na riƙa saya wa uwargida. Da su na yi makin jarrabawa cikin dare, da su na yi renon 'ya'yana. Daminar bara ruwa ya shiga ɗakin da adakar take ba mu lura ba, ko da muka buɗe zaren yawancinsu ya manne, wasu sun yi fumfuna. 'Yan kaɗan da suka tsira kuma rediyon da zai juya su ya daɗe da tsayawa. Ban faɗa wa kowa yadda abin ya taɓa ni ba, sai 'yata da ke aure a Kaduna ta gane, ta aiko mini da sabuwar waya ƙirar Tecno, ta ce in je a zuba mini waƙoƙina a ciki.

Abin da ya kawo ni wurinku ke nan. Maƙwabcina ya ce in nemi memori mai girma, in ba masu tura waƙa su cika shi, magana ta ƙare. Na zauna na rubuta sunayen mawaƙan da nake so, na ninke takardar na sa a aljihu.

Babban yaronka ne ya tare ni. Ya ce, "Baba, sannu da zuwa, ga kujera," ya karɓi takardar ya karanta, har ya ɗauko memorin daga cikin gilas. Kai kuma kana can ciki kana lissafi, sai ka ɗago ka tambaye ni ko ni kaɗai zan riƙa saurare, ko ina yawan tafiya, ko akwai wanda zai riƙa duba mini wayar a gida. Da na amsa, sai ka ce, "Baba, memori namu ne, in ka saya mu muka ci riba. Amma bari a nuna maka wata hanya tukuna, in ba ta yi maka ba sai a cika maka shi."

Na daɗe ina shiga kasuwa, kuma na san ɗan kasuwa ba ya korar ciniki da bakinsa. Tura waƙa da fim sana'a ce da ke ciyar da matasa da yawa a wannan kasuwa, kuma waɗannan manhajoji na sauraren waƙa ta intanet su ne ke rage mata kasuwa kullum. Ka san haka fiye da ni. Duk da haka ka sa yaronka ya bar abin da yake yi ya zauna kusa da ni, sai da aka yi kiran la'asar muna tare.

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce wanda ya cika memori ya biya sau ɗaya ke nan, kuma ko babu sabis zai ji abinsa, sai dai memori yana lalacewa ba sallama, sau da yawa sunayen waƙoƙin a hargitse suke, kuma abin da mai turawa yake da shi kaɗai za ka samu. Manhaja kuwa kamar haya ce: kana biya duk wata, ana buɗe maka rumbu mai miliyoyin waƙoƙi, ranar da ka daina biya a koma sa maka talla, abin da ka sauke kuma ya rufe. Kalmar haya ɗin nan ita ta fahimtar da ni komai. Ya nuna mini Boomplay, wadda na tarar tana cikin wayar tun daga kamfani, ya nuna mini Audiomack, ya nuna mini Spotify, wadda ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021. Ya ce lokacin da ta zo naira 900 ake biya a wata, an yi ƙari daga baya, amma har yanzu bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Muka gwada neman mawaƙana a kowace, na zaɓi Spotify saboda tsarinta ya fi kwanta wa idona. Bai matsa mini a kan ko ɗaya ba.

Rajistar ba ta ɗauki lokaci ba, tunda 'yata ta riga ta buɗe mini imel. Wurin biyan kuɗi ne na ga tarbiyyar da ka yi wa yaran nan. Da aka zo sa lambobin katin banki, sai ya miƙo mini wayar, ya juya kujerarsa ya ba ni baya, yana faɗa mini inda zan taɓa ba tare da ya kalla ba. Na ce, "Ɗana, ai na yarda da kai, karɓi ka sa." Ya ce, "A'a Baba, ka saba da yi da hannunka. Lambobi ukun da ke bayan katin nan, da lambar da banki zai turo maka yanzu, ko ni na tambaye ka kada ka ba ni." Karo na farko kuɗin bai fita ba, bai nuna gajiya ba, ya sa na duba manhajar bankina muka tarar an kulle sayayya ta intanet a katin, na buɗe da kaina, aka sake, ya wuce. A zamanin da ake kiran tsofaffi a waya ana kwashe musu fansho da sunan ma'aikatan banki, wannan darasi kaɗai ya isa a yi tattaki dominsa.

Sannan ya ɗauki biro ya rubuta kwanan wata a bayan takardata. Ya ce an ba ni wata guda na gwaji kyauta, amma tunda katina na ciki, ranar da watan ya cika za a fara cirar kuɗi kai tsaye, haka kuma duk wata. In ban so, ga inda zan shiga in soke kafin ranar. Sau biyu ya sa na bi hanyar sokewar da yatsana har na riƙe. Mutane da yawa a nan suke jin an cuce su, alhali ba wanda ya zauna ya yi musu bayani ne tun farko.

Ƙaramin yaronka shi ya karɓi zancen data, kuma na ga lissafi na zaune a kansa. Ya ce kyawun sauti mataki-mataki ne. A matsakaicin mataki sa'a guda na cin kusan megabait 43, a mataki na ƙoli kuwa wajen 144, fiye da ninki uku ke nan. Ya ce tsofaffin waƙoƙin da nake nema da na'urorin da aka ɗauke su, ƙarin da zan ji a mataki na ƙoli kaɗan ne, don haka ya bar mini a matsakaici. Ya haɗa wayata da Wi-Fi ɗin shagonku, ya sauke mini duk abin da na zaɓa, bai karɓi ko kwabo ba. Ya kuma gargaɗe ni da abu biyu: waƙar da aka sauke a cikin manhajar take zaune, ba a tura ta wa wani ta bulutut, kuma dole in kunna data aƙalla sau ɗaya a cikin kwana 30, in ba haka ba abin da na sauke zai ɓace sai na sake. Sauke waƙoƙin nan ya yi mini amfani da na je ƙauyenmu a Jigawa zaman makoki na kwana bakwai, inda sabis sai an fita bakin titi. A hanyar dawowa, wayar ba ta da ko sanda ɗaya, amma kiɗa bai yanke ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne wurin nema, kuma a nan ne malamin Hausa da ke cikina ya farka. Na rubuta Ɗan Maraya da ɗ mai lanƙwasa yadda na koya wa yara shekara da shekaru, yaron ya ce in gwada da d ɗin Turawa ma, domin yawancin masu ɗora waƙoƙin ba sa sa lanƙwasa. Haka sunan Shata: wani wuri Mamman Shata, wani wuri an sa Alhaji a gaba, wani wuri Dakta, saboda digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi. Ya koya mini in gwada kowace siga, in na samu in danna alamar ajiyewa, in tara su a jeri guda da sunan da na ga dama. Na yi jeri uku: na safe, na dare, da na uwargida. Da kalangun farko ya tashi daga 'yar sifikar da ke kan teburinku, na kasa magana. Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, ga muryoyinsu a tsakiyar hayaniyar kasuwa kamar jiya aka ɗauka. Na ga ka lura da idona ya kawo ruwa, ka kau da kai ka ci gaba da lissafinka. Na gode da wannan kawaicin.

Ba duk abin da ke takardata aka samu ba, kuma yaran ba su yi mini ƙaryar cewa za a samu ba. Wasu makaɗan fada da na noma, waɗanda kaset ɗinsu a kasuwannin ƙauye kawai aka sayar, babu wanda ya ɗora su. Kai da kanka ka ce in kawo ragowar kaset ɗin da suka tsira, akwai wani a layinku da ke juya su zuwa waya. Na kai guda 11, an ceto 8.

Wata tambaya ta tsaya mini a rai tun ranar, na kuma yi maka ita: wannan kuɗi da nake biya, wa yake ci? Ka ce iyakar saninka kamfanin yana riƙe kaso, sauran ya tafi ga masu haƙƙin waƙa gwargwadon yawan saurare. Daga baya na karanta cewa wajen kashi biyu cikin uku ne ke tafiya gare su, kuma sai an ji daƙiƙa 30 ake lissafa saurare ɗaya. Spotify ta bayyana cewa mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 58 ta hanyarta a 2024. Na yi murna da jin haka, domin a zamanin kaset na sha sayen kwafi ina sane da cewa ko sisi ba zai isa hannun mawaƙin ba, abin yana damuna. Sai dai kuɗin yana bin wanda ya yi rajistar waƙar ne. Ina kira ga iyalan tsofaffin mawaƙanmu, da jami'o'inmu masu sashen Hausa, da gidajen rediyon da ke da tsofaffin faya-fayai a ajiye, su tashi su bi wannan haƙƙi, su kuma ɗora abin da ya rage da sunaye daidai kafin ruwa ya shiga tasu adakar.

Yanzu wata huɗu ke nan. Uwargida ta ƙwace jerinta, da hantsi in tana tankaɗe sai ka ji amada na tashi daga tsakar gida, jikokinmu mata suna koyon amshi. Jikana na fari, wanda ban taɓa jin ya saurari kiɗan gargajiya ba, ya tambaye ni ma'anar wani kirari da ya ji, muka kai har isha ina warware masa. Yaronka ya ce akwai tsarin iyali da ke ɗaukar mutum shida 'yan gida ɗaya, in Allah ya kai mu ƙarshen wata zan zo a mayar da mu kansa.

Da zan tafi ranar na zaro kuɗi na ce a ba yaran su sha ruwa, ka rantse ba za a karɓa ba. Sai da na sayi rigar waya, wadda dama ina bukata, sannan hankalina ya ɗan kwanta. Tun daga lokacin na turo maka abokan aikina uku da muka yi ritaya tare, dukansu sun dawo da labari irin nawa, ɗaya ma memorin ka ba shi shawara ya saya, saboda ba ya amfani da katin banki.

Na san kasuwarku ta ga jarrabawa da gobarar da ta tashi ranar Babbar Sallah ta 2025. Allah ya mayar wa duk wanda ya yi asara da mafificin alheri, ya tsare gaba. Kai kuma Alhaji, Allah ya sa albarka a dukiyarka, ya raya maka zuri'a. Yaran nan biyu Allah ya ba su nasu shagon, ya haɗa su da masu yi wa iyayensu irin abin da suka yi mini. Ka gaishe su, ka ce Baba mai takarda yana nan tafe ranar Asabar ta ƙarshen wata, bayan azahar.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya, Kano