Kar a yi saurin faskara tsohon teburin waje

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan tsofaffin teburan katako da ake bari a waje, rana ta dake su ruwa ya dake su, da sun fara girgiɗi sai ka ji an ce a faskara a hura wuta, wallahi abin na damuna.

Ni da nawa ya fara rawa sai na kifa shi na duba, ashe ƙafafun ne kawai suka ruɓe daga ƙasa, don ta bakin yanka katako ya fi shan ruwa, kuma ta nan gara ke hawa. Na sa zarto na yanke duk inda ya yi laushi, na yi masa ƙari da guntayen katakon da suka rage daga aikin rufi, ƙusoshin da suka yi tsatsa na cire su na sa sukurori don sun fi riƙewa. Katako 2 kacal na canza a sama, sauran samfefa na bi su da ita, ka ga yadda jikinsu ya fito fes kamar yau aka fere su.

Abin da ake yawan mantawa, a bar 'yar tsaga kamar milimita 5 tsakanin katakan sama don kar ruwa ya kwanta. Fenti kuma sai katakon ya bushe sarai, in ba haka ba ɓarewa zai yi, a shafa har ƙarƙashi da tafin ƙafa. Nawa ma kan bulo na ɗora ƙafafun.

Wassalam,
wani mai karanta jaridarku.