A koya wa masu ajiye bayanai zanen mazurari

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɗan zane da manhajar Excel take yi, wanda nake ganin cibiyoyin koyar da kwamfuta sun yi sakaci da shi, alhali yana da amfani ga duk mai bibiyar mutanen da suka fara wani abu mataki-mataki amma ba duka suke kaiwa ƙarshe ba. Ana kiransa zanen mazurari saboda siffarsa, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Ni dai a ganina ya fi kama da rariya, domin mazurarin mai man gyaɗa duk abin da aka zuba masa sai ya shiga kwalba, shi kuwa wannan zubewar da ake yi a hanya yake nunawa.

Ni ma'aikacin ajiye bayanai ne a wani ƙaramin asibiti, kuma alƙaluman rigakafin yara ne aikina na kullum. Jariri yana karɓar allurar Penta (mai kare yara daga cututtuka biyar) ta farko a mako 6, ta biyu a mako 10, ta uku a mako 14, sannan ta ƙyanda a wata 9. A ce, don misali, yara 400 suka karɓi ta farko, 350 ta biyu, 310 ta uku, 240 kuma ta ƙyanda. Idan aka jera waɗannan lambobi a takarda, mai unguwa zai dube su ya gyaɗa kai kawai, amma idan aka zana su sanda huɗu, kowace a ƙarƙashin 'yar'uwarta tana ƙara gajarta, nan take idonsa zai faɗa kan inda aka fi yin asara, wato tsakanin mako 14 da wata 9, lokacin da tazara ta yi tsawo iyaye suka shagala.

Mai Excel 2019 ko Microsoft 365 aikinsa kaɗan ne: ya rubuta sunayen matakan a layi ɗaya, lambobin a layi na kusa, ya zaɓe su, ya ɗauki zanen mazurari daga jerin zane-zanen manhajar. Matsalar tana ga tsofaffin kwamfutoci, waɗanda su ne suka cika ofisoshinmu. Na taɓa tura rahoton wata ga wani abokin aiki mai amfani da Excel 2013, da ya buɗe sai ya tarar da akwati fanko da sanarwar cewa manhajarsa ba ta san wannan zane ba, ga shi kuma taro ya riga ya zauna.

Tun daga ranar na koma yin sa da hannu, ta hanyar da kowace manhaja take ganewa, har da Google Sheets. Ana ƙara layi na uku a tsakanin suna da lamba, a kira shi tazara, a cike kowane gida da rabin bambancin da ke tsakanin lamba mafi girma da lambar wannan mataki. A misalinmu, tazarar Penta ta uku ita ce 400 a cire 310, a raba biyu, wato 45. Sai a yi zanen sanduna kwance masu haɗe da juna, a cire wa sandunan tazara launi su ɓace, a matse giɓin da ke tsakanin sanduna. A Excel sai an juya tsarin matakan, in ba haka ba mazurarin zai fito a kife.

Akwai kuma kuskuren da na fi jin tsoro, domin manhaja ba za ta tsawata wa kowa a kansa ba. Zanen ba ya faɗin gaskiya sai idan mutanen kowane mataki daga cikin na matakin baya suka fito. Wanda ya fara lissafinsa da allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ake yi lokacin haihuwa zai iya ganin sanda ta biyu ta fi ta farko faɗi, saboda yaran da aka haifa a wani wuri sun shigo daga baya. Shi ya sa nake farawa daga Penta ta farko, kuma nake rubuta kaso kusa da kowace sanda, kamar kashi 22.5 cikin 100 da suka zube kafin ta uku a wannan misali.

Roƙona ga masu cibiyoyin koyar da kwamfuta shi ne su ware ko da darasi ɗaya ga wannan zane, su kuma koyar da hanyar hannu tare da ta zamani, da alƙaluman da ɗalibai za su tarar a wurin aiki.

Naka mai karatu,
Wani ma'aikacin ajiye bayanai, daga Kano