Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan saƙonninmu da ke salwanta a hanya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, ta hannun masu unguwanninmu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara. Bayan gaisuwa da ban girma irin na ɗa ga uba, mu talakawanka mazauna Birni, Zango, Sabon Gari da Garin Malam, tare da 'yan'uwanmu na Mirya da Matamai da suka aiko da sa hannunsu, mun kawo kuka ƙofar fada. A cikinmu akwai dukawa, da 'yan kasuwar Dole, da iyayen ɗalibai, da tsofaffin ma'aikata masu jiran takardun fansho, da matan da mazansu ke ci-rani. Ni da aka ɗora wa rubutun, tsohon malamin makaranta ne, kuma abin da zan faɗa a nan, wani a gabana aka yi, wani masu shi suka faɗa da bakinsu a zaman da muka yi.

Kukanmu a kan saƙo ne, ranka ya daɗe: wasiƙa, takarda, kwali, ƙunshin magani, duk abin da mutum ke miƙa wa wani ta taga ya biya kuɗi don a kai masa wani gari, ko a kawo masa daga can. Ba mu ambaci sunan kowa a wannan takarda ba, ba sunan ma'aikata, ba na kamfani, ba na mutum. Ba tozarta wani muka zo yi ba. Sunayen wuraren da ranakun da abin ya faru mun rubuta su a takarda dabam, mun rufe, za mu miƙa wa wanda Sarki ya wakilta.

Zan fara da abin da ya same ni a gidana. Ɗiyata ta biyu ta gama karatu a jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, aka buɗe konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, aka ce dosiye, wato takardun neman shiga, ya isa Yamai kafin wata rana da aka yanka. Duk wanda ya taɓa haɗa dosiye ya san wahalarsa. Takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, kwafin shaidar karatu da sai an kai an buga masa hatimi an manna kan sarki, hotuna, da takardar kotu mai shaida cewa ba ka da laifi, wadda ita kuma idan ta wuce wata 3 ta mutu, sai an sake wata. Sati biyu muna kai da kawowa a kan kabu-kabu kafin takardun su cika. Na kai ambulan ɗin da hannuna, saura kwana 12 a rufe karɓa. Na biya, na ce a ba ni rasit. Yaron da ke tagar ya yago gefen wata takarda ya rubuta lamba da biro, ba hatimi, ba kwanan wata, ya ce, "Baba, wannan ya isa." Na karɓa, don ban ga dalilin da zai sa in yi musu da sa'an ɗan cikina ba. Ƙanena da ke Yamai ya je karɓa sau biyar. Ran nan a ce motar ba ta iso ba, gobe a ce ta iso amma ba a kwance buhu ba, jibi a ce lambar da ke hannunsa ba irin tasu ba ce. Ni kuma a nan ana ce mini saƙo ya tafi tun ranar da na kawo. Ranar da ambulan ɗin ya bayyana, an yi kwana 4 da rufe karɓar dosiye. Da na koma na tambayi inda ya kwana duk tsawon wannan lokaci, amsar da na samu ita ce, "To ai ya isa, me kuma kake so?" Yarinyar nan ta yi kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Shekara guda ta tafi mata a banza, kuma har yau ba wanda ya ce mana yi haƙuri.

Allah ya taimaki Sarki, mun san tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne. Mun san halin hanya da damina. Mun san abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyakoki, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, iyakar Najeriya ma sai a watan Maris na 2024 aka buɗe ta. Wanda ke jiran saƙo daga Faransa ko Saudiyya ya san ba a hannun ma'aikacin Damagaram jinkirin yake ba. Mutanen da suka saba tashi tsakar dare su bi layin ruwa ba za a koya musu haƙuri ba. Amma motar da ta bar Yamai da asuba a nan take kwana, da fasinjojinta da buhunan kayansu. In mutum ya iso a yini guda, ina ambulan ke tsayawa har ya yi sati biyu? Jinkirin da aka faɗa maka dalilinsa kana iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne mutum ya karɓi amanarka, ya karɓi kuɗinka, sannan ya dubi tsabar idonka ya ce bai san inda take ba, kuma ya ji haushin ka tambaya.

Wani baduku daga cikinmu, dattijo mai 'ya'ya da almajirai a rumfarsa, ya ɗinka jakunkuna da takalma na jar fata, aikin wata guda da rabi, wani mai shago a Yamai ya yi oda. Ya shirya su cikin kwali, ya naɗe da leda, ya rubuta a jiki cewa fata ce, kada a jiƙa. Aka ɗora kwalin ƙarƙashin jarkar mai. Da mai shagon ya buɗe, rabin kayan sun sha mai sun yi baƙi, ya ce ba zai karɓa ba. Dattijon ya zo zamanmu da jaka ɗaya daga ciki, ya ajiye ta a tabarma, muka yi ta juya ta hannu zuwa hannu. Ɗinkin nan mai kyau, zanen kore da ja a bakin murfi, amma gefe guda ya dafe kamar gindin tukunya. Ya ce da ya je neman hakkinsa, sai aka nuna masa wani rubutu da Faransanci a bayan tikiti, ƙanana ƙwarai, wai kamfani ba ya ɗaukar alhakin abin da ba a bayyana darajarsa ba. Shi ko ba ya karanta boko, kuma ranar da ya kawo kayan ba wanda ya tambaye shi nawa suke. Fatar nan bashi ya ɗauko ta a majema. Yana kan biya.

Sai kuma wulaƙancin taga, wanda shi ne kowa ya fi yin magana a kai. Tsoho ya taso daga Mirya ko Tanut, ya kashe kuɗin mota, ya iso da hantsi, ya tarar da taga a buɗe amma kujera ba kowa. A ce mai riƙe da makulli ya fita. Ya zauna a rana har azahar, mai makulli ya dawo, a ce kwamfuta ba ta aiki, ya dawo gobe. Ina zai kwana? Na ga wata baiwar Allah da goyo tana miƙa lambar saƙon maganin da mijinta ya aiko daga Agadas, wanda ke ciki yana danna salula, ko ɗaga kai bai yi ba, sai da ta yi sallama sau uku. Da ya amsa, da Faransanci ya amsa, alhali da Hausa yake hira da abokinsa. A garin nan, ranka ya daɗe, ko almajiri ya yi sallama a ƙofar gida ana ce masa Allah ya ba da haƙuri. Lambar wayar da ake mannawa a bango don neman bayani kuwa, ko dai a kashe, ko ta yi ta ƙara ba mai ɗauka.

Abin yana mana ciwo ne don mun san ko mu su wane ne. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ayari na tashi daga Zango ya bi ta Agadas da Gat har Tarabulus da fatu da gashin jimina, tafiyar watanni cikin sahara. Madugu na ɗauke da dukiyar mutane da wasiƙunsu, ba inji, ba waya, sai sunansa da mutuncinsa, kuma ya san in ya ci amana sau ɗaya ba mai sake ba shi ko allura. Garin nan ne babban birnin ƙasa har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Bai kamata a ce jikokin fatake sun rasa yadda za su aika takarda ɗaya cikin ƙasarsu da kwanciyar rai ba. Kuma ba wai abin ya gagara ba ne. Yau in ɗanka ya aiko maka da jika 10 daga Diffa ko Tawa, kafin ya bar wurin saƙo ya shigo salularka, ka je da katin shaida ka karɓa. In an iya yi wa kuɗi haka, ana iya yi wa takarda da kwali.

Ba za mu ɓoye namu laifin ba. Da yawa cikinmu muna rubuta adireshi kamar muna yi wa maƙwabci kwatance, "a ba wane, kusa da masallaci," ba lambar waya. Wasu sun kama akwatin gidan waya, sun bar biyan kuɗin shekara, gidaje goma suna amfani da akwati ɗaya na wani da ya yi ritaya ko ya rasu. Wasu na cusa kuɗi cikin ambulan, abin da aka hana. Lungunanmu, musamman na Birni, yawancinsu ba suna, ba lambar gida, wanda ba ɗan unguwa ba ba zai gane ƙofa ba. Kuma akwai ma'aikata na kirki. Akwai wanda ya taɓa bin wani tsoho har gida a kan babur ɗinsa, da mansa, ya kai masa takardar fansho. Irinsu muna yi musu addu'a, kuma ba ma son laifin wasu ya shafe su.

Abin da muke roƙo, Allah ya ba Sarki nasara, shi ne a kira shugabannin duk wuraren da ke karɓar saƙo a garin nan, na gwamnati da na 'yan kasuwa, su zo fada su zauna da wakilanmu, a gaban wakilin Gwamna da na magajin gari. Kiran fada ba wanda ke ƙin amsa shi. Babban abin da muke so a tsayar a zaman nan shi ne rasit na gaskiya: mai hatimi, mai kwanan wata, mai sunan wanda ya karɓa, an rubuta abin da ke ciki da darajarsa, kuma a tambayi mai kaya da Hausa, a karanta masa sharaɗin da ke bayan takarda kafin ya biya. In saƙo ya iso, a kira mai shi ko a tura masa saƙon salula, kada a bar mutum ya yi ta zarya daga ƙauye. In ya makale, a faɗi inda ya makale. In ya ɓata ko ya lalace, a biya diyya cikin lokacin da aka sani, ba sai mutum ya nemi wani babba ya yi masa magana ba. Wannan ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. Nijar na cikin ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, tun 1961, kuma ƙa'idarta ta tanadi diyya ga saƙo mai rajista da ya salwanta. A ƙasarmu ma akwai hukumar ARCEP da doka ta ɗora wa sa ido kan sadarwa da harkar wasiƙu. Talaka bai san ƙofarta ba, shi ya sa muke roƙon Sarki ya isar mata da wannan kuka da hatimin fada a kai, kuma a liƙa yadda ake kai mata ƙara a kowace taga, a sanar a gidajen rediyo da Hausa da Barbarci.

Maganar adireshi kuwa, a nan ne masarauta ta fi kowa hannu. Ba gidan da mai unguwa bai sani ba. In Sarki ya ba da umarni, saƙon da aka rasa mai shi bayan sati guda ana iya aika sunansa ga mai unguwa, a yi cigiya a masallaci bayan magariba, maimakon ya yi ta shan ƙura a lungun ofis har a manta da shi. Mu ma mun ɗauki alkawarin za mu bi gida-gida mu faɗakar da mutane su riƙa sa lambar waya a kan kowane saƙo, kuma kada su bar taga ba rasit.

Sauran abu ɗaya, kuma tsofaffinmu ne suka nace a rubuta shi: a sa benci da inuwa da randar ruwa a inda ake jira, a kuma rubuta lokacin buɗewa da na rufewa a ƙofa, a tsaya a kansa.

Mun haɗo da kwafin rasit ɗin da muke da su, har da guntun takardar da aka yago mini, da jakar badukun nan, don Sarki ya gani da idonsa. Wakilanmu a shirye suke duk ranar da fada ta sa, kuma masu unguwanninmu sun san inda za a same mu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da Damagaram lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya, waɗanda sa hannunsu da dangwalen yatsunsu ke a takardun da ke biye.